Amsa ga uban da yake son karɓo ɗansa daga hannun uwarsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu kafin na zauna amsawa, dan irin wannan maganar ba a amsa ta a tsaitsaye. Bari in maimaita abin da na fahimta, in da inda na kauce sai ka gyara min. Ka ce kun rabu da mahaifiyar ɗanka shekara biyu kenan, yaron yanzu shekararsa 6, da farko yana wajenta a gidan iyayenta, bara ka ɗauko shi ka kawo shi gidanka wajen amaryarka ya yi wata huɗu abin bai yi daɗi ba, sai ka kai shi ƙauye wajen mahaifiyarka, can ma wata uku ya yi ya kama rashin lafiya aka mayar wa uwarsa. Yanzu in ka je ganinsa sai ya ɓuya a bayan kakarsa, ko kallonka ba ya yarda ya yi, kuma an gaya maka ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. 'Yan'uwanka sun matsa maka lamba wai ka karɓo abinka gaba ɗaya tun kafin a cusa masa ƙinka, wasu ma sun ce ka tura shi karatun allo wani gari kowa ya huta, ga shi kuma kana jin ƙishin-ƙishin uwar za ta yi aure. Kana tambaya me ya fi.

Ni dai wannan fagen aikina ne, sama da shekara ashirin na yi ina koyarwa a firamare, daga baya na koma na karanci halayyar yara da ba da shawara, kuma ina cikin masu zaman sulhu a unguwarmu inda da wuya mako ya wuce ba a kawo rigimar riƙon yara ba. Toh amsata a gajarce ita ce, dan Allah kar ka sake ɗaga yaron nan yanzu. Bar shi inda yake, kai ka riƙa zuwa. Na san ba abin da ka so ji ba kenan, amma ka daure ka karanta dalilina har ƙarshe.

Fara da lissafi. A cikin shekara ɗaya yaron nan sau uku aka canja masa gida, in ka haɗa da fitowar da suka yi daga gidanka lokacin saki ya zama huɗu. Mu manya in an ce an canja wa yaro gida gani muke ɗaukar jaka ne kawai a hau mota, ai duk gidan dangi ne. A wajen ɗan shekara biyar ko shida kuwa komai ne yake rushewa. Wanda ke tashinsa da asuba ya canja, tabarmar da yake kwana ta canja, bai san inda buta take ba, bai san wa zai taɓa da tsakar dare ya ce zai yi fitsari ba, kuma bai sani ba ko in ya taɓa ta za ta tashi da shi ko za ta daka masa tsawa. Kokon safe ma ɗanɗanonsa daban, abokan wasa babu, malamin islamiyyar da ya san inda ya tsaya a hadda babu, a wannan gidan an yarda ya ci abinci a gaban talabijin a wancan kuma dukansa za a yi a kai. Sannan ga babbar matsalar, yaro mai wannan shekarun bai iya lissafin lokaci ba, in ka ce masa wata huɗu za ka yi ka dawo, shi ba abin da ya ji, abin da ya sani kawai jiya yana da uwa yau babu. Kuma yara a wannan shekarun kusan komai ya faru a kansu suke ɗora laifin, zai zauna a ransa yana cewa dan na yi rashin ji ne aka kore ni, dan na fasa kofi ne Baba ya mayar da ni. Ba zai faɗa maka ba, amma da shi yake kwana.

Na taɓa samun wani yaro a ajina ɗan aji biyu, kullum jakarsa a kumbure, rannan na ce ya fito da littafin lissafi sai riga da wando suka faɗo ƙasa, an naɗe su tamau a cikin leda baƙa. Na ja shi gefe bayan an tashi tara na tambaye shi, ya daɗe yana murza bakin rigarsa sannan ya ce, "Malam ko za a zo a tafi da ni daga makaranta." Ashe sau biyu ana zuwa a ɗauke shi daga bakin get ba tare da an gaya masa ba, sau ɗaya baffansa sau ɗaya kawunsa, kowane ɓangare na ganin ƙwato haƙƙinsa yake yi. Yaron nan yana da ƙoƙari sosai amma a wannan zangon ko sunansa da ƙyar yake rubutawa daidai, saboda rabin hankalinsa yana kan ƙofar aji. Har yau in aka kawo min magana irin taka ledar nan nake fara tunawa.

Abin da ke faruwa a jikin yaro ba ɓoyayye ba ne. In mutum yana cikin fargaba jikinsa yana sakin sinadaran shirin gudu ko kare kai, akwai wanda likitoci ke kira kotizol, in na ɗan lokaci ne ba komai, amfani ma yake yi, amma in fargabar ta ƙi ƙarewa sai ta taɓa barci, ta taɓa cin abinci, ta taɓa riƙe karatu. Shi kuma yaro ƙarami ba ya iya kwantar wa kansa da hankali, sai da wani babba da ya saba da shi ya yarda da shi. In aka yi ta canja masa wannan babban sai ka ga ya koma baya, abin da ya wuce a shekara uku ya dawo masa, tsotsar yatsa, manne wa mutum, kukan dare, fitsarin kwance. Saboda haka wannan fitsarin kar a doke shi a kai, kar kuma a yi masa irin abin nan na ɗora wa yaro tabarma a kai yara na binsa da waƙa, wallahi ƙara abin yake yi. Amma kuma kar mu ɗora komai a kan damuwa, yaron da ya daina ya dawo yana bukatar a duba shi a asibiti, a yi gwajin fitsari ko akwai ciwon mafitsara ko suga, a tambaya ko yana samun bayan gida yadda ya kamata dan taurin bayan gida ma yana jawo shi, kuma tunda ya zauna a ƙauye in yana wanka a rafi ko kududdufi a duba tsargiya, musamman in ana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa.

Maganar ɓuya da yake yi in ya gan ka, na san ita ta fi ci maka rai, kuma ita 'yan'uwanka suka riƙe a matsayin hujja cewa ana zuga shi. Zai yiwu ana faɗin wasu maganganu a gabansa, ban kore ba, gidan da aka saki 'yarsu da wuya a rasa mai sakin magana. Amma ka tsaya ka duba ta idon yaron. Sau biyun da ka canja masa gida me ya biyo baya? An haɗa masa kaya, an ɗora shi a mashin, ya waiwaya yana kallon inda ya baro har aka sha kwana. Yanzu ƙarar mashin ɗinka kawai ta isa ta sa gabansa ya faɗi. Tsoron tafiya yake yi, kai kuma ka zama alamar tafiyar. Wannan labari ne mai daɗi a wani ɓangaren, dan tsoro irin wannan yana warkewa in aka daina tabbatar masa da shi, amma in ka sake zuwa ka ɗauke shi karo na uku, ka buga masa hatimi kenan cewa abin da yake tsoro gaskiya ne.

Masana sun daɗe suna bibiyar wannan abin. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa gida bayan yaƙin duniya na biyu, abin da ya fito da shi shi ne ƙaramin yaro yana bukatar alaƙa mai ɗumi kuma wadda ba ta yankewa da mai kula da shi, kamar yadda yake bukatar abinci. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth kuma a nan Afirka ta fara nata binciken, a Yuganda kusa da Kampala a tsakiyar shekarun 1950, tana shiga gidaje 26 tana zama tana kallon uwa da jaririnta. A nan ta lura cewa yaron da ya tabbata mai kula da shi tana nan, shi ne yake sakin jiki ya rarrafa ya yi nisa yana wasa yana waiwayowa, wanda bai tabbata ba kuma shi ne mai manne wa da kuka. Ka ga wannan ya saɓa wa abin da muke cewa wai barin yaro kusa da uwa shi ke sa ya zama matsoraci, jarumtar yaro daga samun wurin komawa take fitowa. Sai wani bincike da ya shafe ka kai tsaye, wanda Schaffer da Emerson suka yi a Glasgow ta Sikotilan aka buga a 1964, sun bi jarirai 60 har suka kai wata 18, suka ga mafi yawansu ba da mutum ɗaya suke shaƙuwa ba, da uwa da uba da kaka da yayye duk suna shiga, kuma shaƙuwar ta fi ƙarfi da wanda yake kula su yana amsa musu yana wasa da su, ko da ba shi ne ke ba su abinci ko yi musu wanka ba. Ma'ana zuciyar ɗanka tana da wurin da zai ɗauke ku ku duka, ba sai ka fitar da uwarsa ba kafin ka samu gurbi, kuma ba sai yana kwana a ɗakinka ba kafin ya shaƙu da kai.

Yanzu mu zo ta addini tunda na san da shi za a kafa maka hujja, "ai ɗa na uba ne". Gaskiya ne nasaba ta uba ce, ciyarwa a kanka take, tarbiyya da karatu da lafiyarsa duk kai za a tambaya. Amma reno, wato wajen wa yaro zai zauna ya kwana, babi ne daban a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da ita, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji bayan saki har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, yana nan a littafin Risala duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta wajen. Maganar shekara bakwai da mutane ke yawan faɗa ta wasu mazhabobin ce, Hanafiyya su ne suka ce namiji ya koma wajen uba a wajen shekara bakwai, Shafi'iyya kuma suka ce in ya yi wayo a ba shi zaɓi. Karɓe yaro da an yaye shi kuwa al'adarmu ce kawai. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na matar da ta zo wajen Annabi (SAW) tana kukan cewa mijinta ya sake ta kuma yana son ƙwace ɗanta, ya ce mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba. Kuma a Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da kansa, ya rabu da wata matarsa ba'ansariya da ta haifa masa Asim, wata rana ya je Kuba kusa da Madina ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci sai ya kama shi ya ɗora a kan dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi suka yi ta jayayya har gaban Sayyidina Abubakar, Abubakar ya ce ya sakar mata yaron, Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar fa, wanda ba a taɓa zarginsa da rauni ba. Ina son wannan labarin saboda yana nuna cewa abin da kake ji a ranka ba laifi ba ne, shi ma ya ji har ya ɗauki yaron, amma da aka nuna masa maslahar ɗan sai ya haƙura.

Kuma ka lura da yadda malaman Malikiyya suka tsara abin, sun ce ko yaro na wajen uwa uba yana da damar bibiyarsa, ya ladabtar da shi, ya tura shi makaranta da rana, da dare ya koma ya kwana wajen uwarsa. Wato tun sama da shekara dubu sun raba aikin yadda yaro zai samu wurin kwana ɗaya tabbatacce kuma bai rasa ubansa ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta ɗaure ku ku biyun, kar a cutar da uwa saboda ɗanta, kar a cutar da uba saboda ɗansa. Don haka in su suka hana ka ganinsa su ma sun taka doka, kana da haƙƙin kai ƙara wajen manya ko Hisba ko alƙali.

Maganar auren uwarsa, tun yanzu ya kamata a zauna a kanta kafin a ɗaura. In ta auri wanda ba muharramin yaron ba ta tare, a Malikiyya renon yana komawa wajen mahaifiyarta ne, bayanta kuma 'yar'uwarta, kafin a zo ɓangaren uba. In ka duba a halin ɗanka wannan shi ya fi sauƙi ma, dan gidan kakar nan shi ne inda yake zaune yanzu, ɗaki ɗaya makaranta ɗaya abokai ɗaya, kakar da yake ɓuya a bayanta ita ce dai za ta ci gaba da riƙe shi. Zai ji tafiyar uwarsa sosai, kuma a daidai lokacin ne zai fi bukatar ya ga akwai wani abu da bai motsa ba, in ka fara aikinka tun yanzu kai ne za ka zama wannan abin.

Kar ka ɗauka ina sukar riƙo ne gaba ɗaya. Mu Hausawa da yawanmu a hannun goggo ko kaka ko baffa muka tashi, musamman 'ya'yan fari saboda alkunya, kuma da yawa sun tashi lafiya lau suna ma fin son mai riƙon. Amma in ka bincika waɗanda abin ya yi wa kyau za ka tarar wuri ɗaya aka ajiye su, wajen mutum ɗaya da ta nemi a ba ta da kanta tana so, suka yi shekaru a nan, kuma ana zuwa ana ganinsu. Wanda aka yi ta jefawa daga hannu zuwa hannu saboda fushin manya labarinsa daban ne, shi ne za ka ji ya girma yana cewa ni ban san inda zan kira gidanmu ba.

Batun tura shi karatun allo wani gari kuwa, ka sake karanta kalmar da aka gaya maka, kowa ya huta. Cikin "kowa" ɗin nan babu yaron. Ɗan shekara shida da ke fama da tsoron rabuwa, yana fitsarin kwance, a kai shi inda babu uwa babu uba babu kaka, cikin yara da yawa da suka girme shi, ka san abin da za a yi masa a kan fitsarin nan kaɗai. Alƙur'ani abin nema ne kuma ina girmama alarammomin da ke wannan hidima, amma akwai makarantar allo da islamiyya a kusan kowace unguwa, ya yi karatunsa ya dawo gida ya ci tuwo. In ya girma ya yi ƙarfi ya nuna yana son tafiya neman karatu, wannan wata magana ce.

Toh me za ka yi. Zumunta a ƙafa take, tsakanin uba da ɗa ma haka ne. Ka fara da kakansa na wajen uwa ko babban kawunsa, ka je da wani dattijo daga ɓangarenka wanda ba mai zafin kai ba, ka ce musu a fili ba ka zo karɓar yaro ba kuma ba za ka sake ɗaukarsa ba da saninsu ba, abin da kake so rana ɗaya ce tsayayya a mako. Wannan maganar kaɗai za ta sauke rabin gabar da ke tsakaninku, dan su ma a tsorace suke da kai. Ka zaɓi ranar da ka tabbata ba za ka saɓa ba, ni Juma'a nake ba iyaye maza shawara saboda yaro yana gane ta, ranar da ake sa kaya masu kyau a tafi masallaci.

Makonnin farko kar ka nemi komai a wajensa. Ka zauna a soro ko ƙofar gida, kakar ko wani da ya yarda da shi yana kusa, kar a jawo shi da ƙarfi a ce gaida Babanka, kar ka nuna ɓacin rai in ya ƙi zuwa. Ka zauna a ƙasa kan tabarma yadda tsayinku zai zo ɗaya, ka ce masa da bakinka, "ba tafiya da kai na zo yi ba, na zo in gan ka ne, anjima zan tafi kai kuma kana nan wajen Hajiya." Ka yi minti ashirin ko talatin, in za ka tafi kar ka sulale, ka gaya masa ka tafi kuma sai Juma'a. Sannan Juma'ar ta zo ya gan ka. Duk maganin yana cikin wannan, ka faɗa ya gani, ka faɗa ya gani, har ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa maganar Baba ba ta tashi. Ranar da wani uzuri ya hana ka, ka kira waya kafin lokacin a ba shi ka gaya masa da kanka, kar ka bari ya yi wanka ya sa kaya ya zauna a dakali har la'asar. Tsaraba kuma 'yar kaɗan ta isa, ƙuli-ƙuli ko lemo ko fensir, kar ka mayar da kanka mai kawo kaya kawai, dan in ka saba masa da manyan kyaututtuka ledar hannunka zai riƙa kallo.

Akwai wani bakanike da muka yi wa sulhu irin wannan, ɗansa shekara biyar, shi ma in ya hango uban sai ya shige ƙarƙashin gado. Mutumin nan ya zo wajena bayan mako huɗu ransa a ɓace ya ce Malam wulaƙanci kawai nake sha, ina zaune a soro kamar maroƙi yara na leƙe na. Na ce ya ƙara haƙuri, kuma ya daina zama hannu rabbana yana jiran yaro, ya zo da abin yi. Sai ya fara zuwa da wata tsohuwar kafireta da sifana biyu yana kwancewa yana gogewa a kan tsumma, ko kallon ƙofar cikin gida ba ya yi. Mako na bakwai yaron ya fito ya tsaya daga nesa, na tara ya tsuguna yana kallo, uban bai ce masa komai ba sai ya tura masa ƙaramin sifanan da ƙafa. A mako na goma sha ɗaya ne yaron ya ce masa, "Baba wannan ina ake sa shi." Da mutumin yake ba ni labari sai da muryarsa ta sarƙe. Yara maza da yawa haka suke, ba sa son a zaunar da su ido cikin ido ana tambayarsu, sun fi sakin jiki in ana wani aiki kafaɗa da kafaɗa, hira tana fitowa da kanta.

In ya fara sakewa sai ku fara fita kusa, masallacin Juma'a ku dawo, wajen mai aski, wankin mashin, kasuwa, gona in kana da ita, kuma kullum ka dawo da shi a lokacin da ka ce. Ka je makarantarsa ka san malaminsa da sunansa, ka karɓi sakamakonsa da hannunka, in ya yi zazzaɓi a gan ka a asibiti. Ka riƙa kiransa a waya lokaci ɗaya, misali bayan magariba, ko minti biyu ne. Kuma ka rungume shi, ka shafa kansa, ka ɗora shi a cinya, kar kunyar ɗan fari ta hana ka in shi ne na farin, dan yaron da ba ya gidanka ba shi da wata hanyar gane kana sonsa sai abin da ya gani. Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Kwana a gidanka ya zo daga baya, bayan watanni, in shi ya fara nuna yana so. A fara da dare ɗaya, ya zo da abin rufarsa da ya saba, ya san gobe da wane lokaci zai koma. Kafin nan ka zauna da amaryarka, kuma kar ka ɗora mata laifin wata huɗun nan gaba ɗaya, an kawo mata yaro mai kukan uwa an ajiye mata kai ka fita tun safe sai dare, ita ma ba ta san yadda za ta yi ba. Wannan karon in ya zo kai ne mai masaukinsa, kai za ka tashe shi ya yi fitsari kafin ka kwanta, in ya jiƙa shimfiɗa kai za ka ce ba komai.

Abu biyu nake roƙonka ka kiyaye ko me aka yi maka. Kar ka zagi uwarsa a gabansa ko ka bari 'yan'uwanka su yi, kuma kar ka mayar da shi ɗan rahoto, wa yake zuwa wajen mamanka, me ake cewa a kaina. Yaro yana jin rabinsa uwa ne rabinsa uba, duk wanda aka zaga a cikinku shi ake zagi, kuma in ya gane hirarku bincike ce zai kulle bakinsa. Na biyu kuɗin ciyarwa, ka yanke abin da za ka iya ka riƙa bayarwa a kan lokaci, kuɗin makaranta ka biya kai tsaye, kar ka riƙe dan an ɓata maka rai, tunda cikin da zai kwana da yunwa na ɗanka ne.

Akwai halin da zan ce maka ka ɗauke shi, ba zan ɓoye ba. In ka ga tabon duka a jikinsa, ko yana ramewa saboda yunwa, ko an cire shi daga makaranta an ɗora masa talla har dare, ko akwai wani a gidan da kake zargin yana lalata da yara, ko kakar ta tsufa ko ta kwanta ciwo ba mai kula da shi, a nan zamansa ya zama cutarwa kuma shari'a ma ta sa sharaɗin mai reno ya zama amintacce mai iyawa. Ko a nan ɗin ta hanyar manya ko alƙali za a bi, a gaya wa yaron tun da wuri, a yi ƙaura ɗaya tak zuwa inda zai daɗe, kuma a bar shi yana ganin uwarsa. Amma a cikin abin da ka rubuto ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka ma ce da kanka yana zuwa makaranta kuma tun da aka mayar da shi ya yi ƙiba.

'Yan'uwanka za su ce ka zama solobiyo, an fi ƙarfinka. Ka ba su haƙuri ka ce ka ji, amma ka ba kanka wata shida a kan wannan tsarin kafin a sake tada maganar. A wannan makon abu biyu ne a gabanka, ka nemi dattijon da zai raka ka wajen kakan yaron, sannan ka tura kuɗin gwajin fitsarin ka ce kana so a yi kafin Juma'a, in sun yarda ma ka same su a asibitin ka zauna a benci ɗaya da shi ko bai kula ka ba. In an yi gwajin ka dawo ka gaya min abin da likita ya ce da yadda zaman farko ya kasance, sai mu ga mataki na gaba. Allah ya raya mana shi, ya sanyaya zukatanku.